Daga Ƙofar Wambai zuwa fada: Ladubban da ya kamata baƙo ya sani a birnin Bauchi

Birnin Bauchi ba ya rabuwa da baƙi. Akwai ɗaliban da ke zuwa Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai matasa masu yi wa ƙasa hidima da ake rarrabowa daga sansanin Wailo, akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, sannan ga masu yada zango a kan hanyarsu ta zuwa gandun dajin Yankari. Wasunsu Hausa ce harshen da suka tashi da shi, wasu a bakin kasuwa suka koye ta, wasu kuwa ba sa jin ko "zo in kashe ka".

Sau da yawa saɓanin da ke shiga tsakanin baƙo da ɗan gari kan samo asali ne daga ƙaramin abu: an wuce dattawa ba gaisuwa, an faɗa gidan matan aure ba sallama, ko an ɗaga waya an ɗauki hoton wanda bai ba da izini ba. Irin wannan kuskure yana iya jawo wa mutum asarar ɗakin haya, ko ciniki, ko amincin maƙwabta, wani lokaci har ya kai ga ƙara gaban mai unguwa. Wannan maƙala ta tattaro muhimman ladubban da suka shafi baƙo a cikin tsohon birnin, kuma kusan dukkansu suna komawa ga abu ɗaya: mutum ya san inda zai tsaya ya jira a ba shi iso.

Gari mai ƙofofi

Malam Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka karɓi tuta, shi ne ya kafa birnin Bauchi a shekarar 1809, ya kuma yi mulki har zuwa rasuwarsa a 1845. An kewaye birnin da ganuwa mai ƙofofi, daga cikinsu akwai Ƙofar Wambai, da Ƙofar Ran, da Ƙofar Wunti, da Ƙofar Nassarawo, da Ƙofar Jahun, da Ƙofar Tirwun, da Ƙofar Inkil. Wambai sarauta ce babba a masarautun ƙasar Hausa da dama, kuma a yau idan aka ce Ƙofar Wambai ana nufin ƙofar da kuma unguwar da ke kewaye da ita.

A zamanin da, ƙofar gari wuri ne na tantancewa. Fatake da matafiya sukan tsaya a san ko su wane ne, daga ina suke, kuma wurin wa suka zo. Yanzu yawancin ganuwar ta zaizaye, gari ya bazu ya wuce ta nesa, musamman tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976. Motoci da Keke Napep suna ratsa ƙofofin dare da rana ba mai tambayar su. Sai dai tunanin da ya gina ƙofar bai gushe ba. Yana nan a ƙofar gida, da zaure, da bakin masallaci, da ƙofar fada. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai iyakar da baƙo ba ya tsallakewa sai an ce masa ya shigo.

Gaisuwa kafin buƙata

Iyaka ta farko ita ce ta magana. Ba a fara gabatar da buƙata kafin gaisuwa, ko da tambayar hanya ce. Mai zuwa shi ke yi wa na zaune sallama, ƙarami kuma shi ke fara gaida babba. Bayan sallama sai "ina kwana" ko "ina wuni", sai tambayar gajiya, da aiki, da iyali, da yanayin gari. Kowace tambaya da amsarta: "ba gajiya", "aiki da godiya", "lafiya lau", "lokacinsa ne". Ba a amsa gaisuwa da koke. Mai damuwa yakan jira a gama gaisawa tukuna, sannan ya kawo abin da ke tafe da shi.

Idan za a gaida dattijo, ana rage tsawo, a rusuna ko a durƙusa, kuma ba a ƙura masa ido. Sunkuyar da kai a gaban babba alamar kunya ce da tarbiyya, don haka kada malamin makaranta ko jami'in da ya zo daga wani yanki ya ɗauka yaron da ya ƙi haɗa ido da shi yana ɓoye wani abu ne. Yaro ba ya riga babba miƙa hannu. Idan babba ya miƙo, sai a karɓa da hannun dama, wasu su tallafa da na hagu, sannan a kai hannun ƙirji. Tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba, gaisuwar baki ta wadatar. Wanda ya miƙa hannu aka ƙi karɓa, kada ya ɗauka wulaƙanci ne.

Kiran suna gatsau ga wanda ya girme ka abin ƙi ne. Ana cewa Baba, ko Malam, ko Alhaji. Ga mata kuma Inna, ko Mama, ko Hajiya. Ga wanda ya ɗan girme ka, Yaya. Mai sarauta da sarautarsa ake kiransa. Malamin addini kuwa ana ce masa "Allah ya gafarta Malam".

Akwai kuma abin lura game da harshe. Hausar Bauchi, wadda masana ke kira Bausanci, ta ɗan saɓa da ta Kano ko Sakkwato, musamman wajen bambance jinsin namiji da tamace a wasu kalmomi. Haka kuma garin ya haɗa Gerawa, da Fulani, da Jarawa, da Sayawa, da wasu ƙabilu masu yawa da Hausa ta zame musu harshen mu'amala. Baƙon da ya zo daga wata jihar Arewa ya shiga gyara wa mutane Hausa, ko yana kwaikwayon lafazinsu don dariya, ya fara da ƙafar hagu.

Zaure da cikin gida

Gidan gargajiya a cikin birni an gina shi ne hawa-hawa: zaure a bakin titi, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida inda mata suke. Namiji baligi da ba ɗan gida ba iyakarsa zaure. A jikin wasu gidajen ma akan rubuta "ba shiga". Mai neman maigida yakan tsaya a waje ya yi sallama da ƙarfi, ko ya aiki yaro ya ce ana sallama da shi. Koyarwar Musulunci ta kayyade neman izini sau uku. Idan ba a amsa ba sai a juya. Ba a tsayawa daidai saitin ƙofa ta yadda ido zai faɗa ciki, ba a kuma leƙe ta kan katanga. Wannan ya shafi har mai gyaran wuta, da ma'aikacin ƙidaya, da mai raba takardar kuɗin lantarki: ana jira a sanar da matan gida su kimtsa, sannan wani ɗan gida ya yi jagora.

Mace baƙuwa tana da damar da namiji ba shi da ita, domin tana iya shiga har tsakar gida bayan ta yi sallama. Abin da ake so a gare ta shi ne ta gaida kowa, ta fara da babbar matar gidan. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, shiga ɗakin ɗaya a tsallake sauran ba tare da ko leƙawa an gaisa ba yana iya barin ƙura bayan baƙuwa ta tafi.

Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa. Ba a taka tabarma, ko darduma, ko shimfiɗar ɗaki da shi. Baƙo ya zauna inda aka nuna masa, kada ya haye buzun maigida ko kujerarsa, kada kuma ya miƙe ƙafafu yana nuna wa dattijo tafinsu. Ba a tsallake mutumin da ke zaune ko kwance, kuma ba a giftawa ta gaban mai salla.

Ruwa, abinci da tsaraba

Abu na farko da ake kawo wa baƙo shi ne ruwa. Ko ba a jin ƙishi, ana karɓa a kurɓa. Idan aka kawo abinci, ƙin taɓawa gaba ɗaya yana iya sa mai gida ya zaci ana ƙyamarsa ko ana zarginsa. Wanda ke da uzuri na rashin lafiya ko azumi ya faɗa a fili, za a fahimce shi. Bauchi ta yi suna da masa, kuma baƙon safe zai yi wuya ya tsallake ta, ko da miyar taushe ko da ƙuli-ƙuli.

Ana wanke hannu, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Idan ana ci a kwano ɗaya da manya, yaro ba ya riga su kai hannu ga nama. Miƙa abu ko karɓarsa da hagu rashin ladabi ne. Wanda hannunsa na dama ke da lalura yakan nemi afuwa kafin ya miƙa. Haka nan ya kamata a bambance tayi biyu. Mutumin da ka iske yana cin abinci a bakin shago ya ce "bisimilla" ya sauke nauyin al'ada ne, amsarsa ita ce "alhamdu lillahi" ko "a ci lafiya". Wanda ya shimfiɗa maka tabarma ya ajiye kwano a gabanka kuwa, da gaske yake.

Mai zuwa daga nesa yakan riƙo tsaraba gwargwadon ƙarfinsa: goro, ko dabino, ko turare, ko sabulu, ko wani abin da garinsu ya shahara da shi. Idan maƙwabta suka aiko yaro da abinci, akan ba yaron tukuici, kuma mata da yawa ba sa mayar da kwano haka nan ba tare da sun saka ɗan wani abu a ciki ba. Sa'ad da baƙo zai tafi, mai gida yakan taka masa zuwa ƙofa ko bakin titi. Baƙon ne zai ce "a koma haka, na gode", sai a ba shi saƙon gaida gida.

Tambayoyin da ake kaucewa

Alkunya na da ƙarfi a Bauchi, kuma tasirin Fulani ya ƙara mata nauyi. Iyaye da dama ba sa kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, suruki kuma ba ya sakewa a gaban surukansa, har abinci ba ya ci a gabansu. Saboda haka matsa wa mace ta faɗi sunan mijinta a gaban jama'a, in ba a asibiti ko ofis inda doka ta buƙata ba, saka ta ne a tsaka mai wuya. Ba a tambayar mace ko tana da juna biyu, ba a tambayar dalilin rashin haihuwa, ba a tambayar makiyayi adadin shanunsa. Namiji yakan tambayi abokinsa "yaya iyali" a dunƙule, ba ya ware matarsa da suna ko ya yaba kyanta. Idan za a yaba yaro ko sabon gida, ana haɗawa da "tubarkalla" ko "ma sha Allahu".

Baƙo zai ji mutane suna zolayar juna da kalmomi masu kaushi ana dariya. Wannan wasan barkwanci ne da ke tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko ƙabilu irin Fulani da Barebari. Yana da 'yan wasansa. Wanda bai san ko shi abokin wasan wane ne ba, gara ya yi murmushi ya kama bakinsa.

Kasuwa da titi

A kasuwar Wunti, ko ta Muda Lawal, ko babbar kasuwa, ciniki ma da sallama yake farawa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka" idan tayin bai kai ba, a yi ta matsowa har a ji "na sallama". Da zarar an sallama a kan farashin da mutum ya taya da bakinsa, janyewa abin kunya ne. Ba a shiga cinikin wani kafin ya ƙare, ba a kuma kushe kaya da baƙar magana don a rage kuɗi. Neman gyara a wurin mai awo ba laifi ba ne. Mai hawa Keke Napep ko ɗaukar ɗan dako ya daidaita kuɗi tun kafin a tashi.

Sutura ma magana ce. A cikin tsohon birni mata kan fita da hijabi ko gyale, maza kuma da riga mai rufe jiki, galibi da hula. Ba a tilasta wa baƙo ya sauya kamanninsa, amma gajeren wando, da matsattsun kaya, da riƙe hannu ko rungumar juna tsakanin namiji da mace a titi suna jawo ido da magana. Jihar Bauchi na cikin jihohin Arewa da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a shekarar 2001. Kotunan shari'a Musulmi suka shafa, amma shan giya a fili cikin unguwannin birni abu ne da jama'a ba sa lamunta daga kowa.

Hoto na buƙatar izini, musamman na mata, da yara, da almajirai, da masu ibada. Wuraren jami'an tsaro kuwa a bar su gaba ɗaya.

Lokutan ibada

Ranar Juma'a da azahar hanyoyin da ke kewayen babban masallaci da fada sukan cika da sahu, shaguna da yawa kuma sukan rufe na ɗan lokaci. Mai mota ya nemi wata hanya tun da wuri ko ya jira, kada ya yi ta danna ƙaho ko ya nemi ratsa masu salla. A watan azumi, wanda ba ya yi ya ci abincinsa a cikin gida ko ofis, kuma a guji kai ziyarar aiki gab da shan ruwa, sai fa in an gayyaci mutum buɗa-baki. Bauchi gari ne da ke da Kiristoci masu yawa, musamman a yankin Yalwa, don haka irin wannan girmamawa ake bukata ga majami'u ranar Lahadi da lokacin Kirsimeti. Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne muhawarar addini da izgili ga abin da wani ke girmamawa, a baki ne ko a Facebook da WhatsApp. Baƙo mai hankali ba ya kusantar wannan.

Suna, aure da ta'aziyya

Wanda ya zauna a unguwa ya zama maƙwabci, kuma ana lura da ƙafarsa. Idan aka yi haihuwa ana zuwa barka, ranar suna kuma a ce "Allah ya raya". Ɗaurin aure taron maza ne, ana yinsa a masallaci ko ƙofar gida, a rabu da addu'ar zaman lafiya. Mara lafiya ana tambayarsa "yaya jiki", ya amsa "da sauƙi", kuma ba a daɗewa a wurinsa.

Mutuwa ita ce ta fi kowanne nauyi. Musulmi kan yi jana'iza cikin sa'o'i kaɗan, saboda haka wanda ya ji labari ya hanzarta. A zaman makoki maza na waje, mata na ciki. Ana zama a yi addu'a, a ce "yaya haƙuri", a roƙa wa mamaci rahama, a tashi. Ba wurin hira ko dariya ko amsa waya da ƙarfi ba ne. Wanda ba Musulmi ba ma yana zuwa ya yi gaisuwa, kuma ana riƙe masa wannan alheri. Maƙwabcin da bai leƙo ta'aziyya ba, an daɗe ba a manta ba.

A fada

Sarkin Bauchi na yanzu, Alhaji Rilwanu Sulaimanu Adamu, ya hau gadon sarauta a 2010 bayan rasuwar mahaifinsa, Alhaji Sulaimanu Adamu. Ganin sarki da tsari yake. Ɗan unguwa kan bi ta hannun mai unguwa zuwa hakimi, hukumomi da ƙungiyoyi kuma su rubuta wa majalisar masarauta su jira a ba su rana. Sabon ma'aikaci, ko mai bincike, ko jami'in rigakafi da zai yi aiki a unguwa irin Ƙofar Wambai, idan ya fara gabatar da kansa ga mai unguwa, ya sauƙaƙa wa kansa rabin aikin.

A ƙofar zauren sarki ana tuɓe takalmi, amma ba a cire hula. Ana zama a ƙasa inda fadawa suka nuna, a yi gaisuwa da "Allah ya ja zamanin sarki" ko "ranka ya daɗe", maza su yi jinjina da dunƙulallen hannun dama. Dogarai ne kan amsa a madadin sarki. Ba a miƙa masa hannu sai in shi ya miƙo, ba a katse shi, ba a kuma tashi kafin a sallami mutum. Lokacin hawan salla, ɗan kallo ya tsaya bayan iyakar da dogarai da jami'an tsaro suka shata, domin dawakan da ke sukuwa ba sa tsayawa nan take.

Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta. Ko da yake wurin tarihi ne, kabari ne, ana shigarsa da natsuwa.

Kamanci da wasu ƙasashe

Irin waɗannan ƙa'idoji ba Bauchi kaɗai ke da su ba. Ƙasar Japan, wadda ta yi fice wajen tsare ladabi, tana da abubuwan da Bahaushe zai gane nan take. A bakin ƙofar gidajensu akwai wuri na musamman da ake tuɓe takalmi, gaisuwarsu rusunawa ce wadda zurfinta ke nuna girman wanda ake gaisarwa, ana miƙa kyauta da hannu biyu, matafiyi kuma yakan komo da tsaraba ga iyali da abokan aiki. Amma akwai inda aka rabu. A can ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici, ba a taya kaya a kantuna, kuma ba a son hira ta waya cikin jirgin ƙasa. Abin da ya zama karamci a Wunti yana iya zama abin kunya a Tokyo. Darasin da ke ciki shi ne kyakkyawar niyya ba ta wadatar da matafiyi, sai ya haɗa da lura da tambaya.

Idan an yi kuskure

Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma mutanen Bauchi kan yi wa baƙo uzurin da ba za su yi wa ɗansu ba. Wanda ya ga fuskoki sun canja bayan wata magana ko wani aiki nasa, ya ce "a yi haƙuri, ni baƙo ne, ban sani ba". Galibi a nan maganar ke mutuwa. Idan ta girma, a nemi dattijon unguwa, ko liman, ko mai unguwa ya shiga tsakani tun kafin ta kai ga hukuma. Shi kuma mai masauki, nauyinsa ne ya faɗa wa baƙonsa waɗannan abubuwa tun ranar da ya sauka, ya kai shi ya gaida maƙwabta, ya nuna masa gidajen da ake shiga da waɗanda ake tsayawa a zaure.